Awa ɗaya a sama, yini guda a ƙasa

Edita,

Ka ɗan tsakura mini fili in amayar da abin da ya tsaya mini a rai. Ranar nan na ji wani babban jami'i a rediyo yana bugun ƙirji, wai yanzu Bazazzage zai karya kumallo a gidansa ya yi azahar a Legas, tunda daga Kaduna tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintoci. Awa ɗaya! Daga ji ka san maganar mai jiniya ce.

Ba na musu, tsakanin filin jirgin Kaduna da na Murtala Muhammed da ke Ikeja akwai sama da kilomita 600, kuma jirgi na cinye su a kamar awa ɗaya da kwata. To amma wa ya gaya masa a filin jirgi muke kwana?

Watan jiya na raka yayata za ta je ganin likita a Legas. Ana idar da asuba muka hau keke daga Zabi zuwa Kwangila, muka zauna jiran mota ta cika. Muka kama hanyar Kaduna, kimanin kilomita 80, ta Jaji da Mararrabar Jos, muka sauka Kawo, muka sake yin shatar wata motar ta Mando zuwa filin da ke can bayan gari. Mun isa a kan lokaci, sai aka ce jirgin safe ya koma la'asar. Da la'asar aka ce magariba. Baiwar Allah nan tana zaune a kan jakarta, ƙafa ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, tana rungume da ambulan ɗin hoton ƙirjinta. Ko ruwan leda ba wanda ya miƙo mata, balle a ce yi haƙuri. Wannan ita ce awa ɗayan?

In ka ce Kano za ka bi, filin Malam Aminu Kano ya fi nisa, wajen kilomita 150.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Edita, muna da filin jirgi a nan Zariya. Tun 1964 aka kafa Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama a Palladan, kullum ƙananan jiragen ɗalibai na shawagi a kan rufinmu, yaranmu na ɗaga musu hannu. Mu ke yaye wa ƙasa matuƙa, amma babu jirgin fasinja ko ɗaya da ke da zango a garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello da asibitin koyarwa na Shika. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Kuma kada a ce ba a iyawa. A 2017 da aka rufe filin Abuja na mako 6, ai cikin ƙiftawar ido aka gyara na Kaduna, saboda manya ne za su sauka. In abu ya shafe su, kuɗi na fitowa. Wakilanmu fa? Sai kakar zaɓe ka gan su da atamfa da taliya. Samarinmu kuma, da digirinsu, sun ƙare a kamasho a tasha, ko suna ta zagin juna a Facebook saboda waɗanda ko sunansu ba su sani ba.

Ina roƙon jami'in nan ya ajiye jiniyarsa rana ɗaya, ya zo Zabi da asuba mu kama hanya tare, agogo a hannunsa.

Naka,
Wani mazaunin Zabi, Sabon Gari, Zariya