MIKIN ƘAFAR DA BA YA ZAFI

'Yan uwa magidanta na Gaya da Ajingi da kewaye, yau maganarmu a kan mai ciwon suga ce, da wanda kuturta ta taɓa, waɗanda jijiyoyin ƙafarsu suka daina ji. Irin wannan mutum ƙaya za ta soke shi a gona, ko ƙusa ta huda takalminsa, ya wuni yana tafiya bai sani ba. Rashin zafin nan shi ke yaudarar mutane. Sai a ce ai tunda ba ya ciwo da sauƙi, alhali ƙwayar cuta tana ci ta ciki har ta kai ƙashi.

Zuma da habbatus sauda sana'ata ce, kuma na san albarkarsu. Amma ku ji ni da kyau: idan ƙashi ya kamu, abin da aka shafa a sama ba ya kaiwa can. Mai maganin da ya riƙe irin wannan mara lafiya wata da watanni yana ce masa sammu ne, ya ji tsoron Allah, ƙafar mutum yake wasa da ita.

Idan miki ya yi mako 2 bai kama hanyar warkewa ba, a kai shi Babban Asibitin Gaya. In kuwa yana wari, ko yana fitar da mugunya, ko yatsa ya kumbura ya yi ja, ko ana hango ƙashi, to a ranar za a tafi. Za su auna suga, a ɗauki hoton ƙashi, in abin ya girma su tura Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano. Maganin kashe ƙwayar cuta yakan ɗauki kamar mako 6, wani lokaci sai an kankare mataccen ƙashin. Masu tsoron a yanke musu ƙafa, wallahi jinkirin ne ke kaiwa ga yankan.

A gida kuma, kada a yi tsaga ko ƙaho a irin wannan ƙafa, kada a gasa ta a wuta da hunturu, kada a taka mikin. Ranar da ba miki ma a duba tafin ƙafa kullum, a zazzage takalmi kafin a saka, a tsane tsakanin yatsu bayan alwala. Wanda aka ɗaure wa bandeji ya shafa a kansa, alwalarsa ta yi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin. A tura wa duk gidan da ke da mai suga.