Black Sherif: Mun Karɓi Kambun, Amma Mun Saurari Yaron Kuwa?

A daren 6 ga watan Mayu na shekarar 2023 aka kira sunan Black Sherif a birnin Akra a matsayin gwarzon mawaƙin ƙasar Gana na shekara, alhali shekarunsa 21 kacal a duniya. Washegari duk majalisar da mutum ya leƙa a zangunanmu, daga Nima har zangon Kumasi, magana ɗaya ce a bakin jama'a: yaron namu ne, ɗan zango ne. Har da dattawan da ba su taɓa jin waƙarsa ko guda ba. Ba mu ga laifin wannan murna ba, domin mu ma mun yi ta. Abin da ya dame mu tun daga wancan lokaci shi ne, mun yi hanzarin karɓar kambun da yaron ya ciwo, amma labarin da yake ba mu a cikin waƙoƙinsa, wanda labarin gidajenmu ne, mun toshe kunne daga gare shi.

Ga wanda bai san shi ba, sunansa na yanka Mohammed Ismail Sherif. An haife shi ranar 9 ga watan Janairu na 2002 a Konongo, garin masu haƙar zinariya da ke ƙasar Tonawa, a kan babbar hanyar da ta taso daga Kumasi zuwa Akra. Ranar Laraba ce, shi ya sa ake kiransa Kwaku, sunan da Tonawa ke ba namijin da aka haifa a wannan rana, kamar dai yadda mu muke cewa Balarabe. A zangon garin ya tashi, kuma a makarantar Islamiyyar zangon ya fara karatu. Sunan Musulunci da sunan Tonawa a kan mutum ɗaya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Haka zango yake tun zamanin fataken goro, wurin sauka ne da ya zama gida, inda kowane iri ya haɗu ya yi auratayya.

To, yana da shekara goma a duniya ya koma hannun 'yar'uwar iyayensa da sauran dangi, saboda uwa da uba duka suna zaune a ƙasar waje wajen neman abinci. A nan ne muke so mai karatu ya dakata.

Wane layi ne a zangunanmu babu irin wannan yaro? Uba ya tafi Turai ko Libiya, uwa ta bi shi ko ta tafi aikatau ƙasashen Larabawa, an bar yara a wurin kaka ko goggo, wadda ita ma tana da nata 'ya'yan da nata tallan. Kuɗi na zuwa ƙarshen wata, wani lokaci ma ba sa zuwa. Ana aiko da takalmi da wayar hannu a lokacin Salla. Mu kuwa maƙwabta sai mu riƙa cewa yaron nan ya ji daɗi, iyayensa suna waje, ba mu taɓa tambayar wa yake kai wa kuka idan dare ya yi ba. Ba muna zargin iyayen da suka tafi ba ne, domin talauci ne ya kore su, kuma da guminsu aka gina rabin gidajen bulo da ke unguwanninmu. Ba kuma muna raina riƙon dangi ba, domin da babu shi da yaran sun ƙare a tasha. Amma riƙon dangi a yau ba irin na da ba ne, lokacin da gida guda ke da manya goma masu tsawatarwa. Yanzu mace ɗaya ce da ɗaki ɗaya, ta fita kasuwa da asuba sai magariba.

Daga Konongo yaron ya tafi makarantar sakandare ta Kumasi Academy, inda ya fi shahara da rawa kafin waƙa. Yana can ne a ƙarshen shekarar 2017 annobar mura mai tsanani ta ɓarke a makarantar, ɗalibai suka rasu, iyaye suka yi ta tururuwa suna kwashe 'ya'yansu. Cikin waɗanda suka rasu har da yarinyar da yake so. Shekarunsa 15 a lokacin. Sai bayan shekara biyar ya fitar da abin da ke cikinsa a waƙar da ya kira Oh Paradise. Muna ambaton wannan ne domin masu cewa baƙin cikin da ke muryarsa salon kasuwa ne kawai.

Da ya gama sakandare ya gangara Akra kamar dubban irinsa. Ya fitar da waƙarsa ta farko a 2019, ya biyo da Money a 2020, wadda ta ɗan sa aka fara jin sunansa. A wannan shekarar ce samarin Kumasi suka tayar da salon gambarar zamani da suke kira Asakaa, mai kiɗa mai nauyi da kalaman titi, cikin harshen Tonanci. Sherif ya ɗauki wannan kiɗa, amma ya ɗora masa wani abu dabam, wato murya mai kama da ta mai kuka, da karin haylayif irin na iyayenmu. A watan Mayu na 2021 ya saki First Sermon, a watan Yuli kuma Second Sermon. Ma'anar sunayen, huɗuba ta farko da huɗuba ta biyu. Yaron da ya yi Islamiyya ya san abin da huɗuba take nufi, kuma ya san ba a yin surutu idan ana yin ta.

Mu kuwa surutu muka yi. Abin da yawancin manyanmu suka gani a faifan huɗuba ta biyu shi ne tarin samari tsirara daga ƙugu zuwa sama, wasu riƙe da adduna, suna tsalle. Aka ce ga 'yan iska nan, ga abin da ke lalata tarbiyya. Ba mu ce adda a hannun matashi abin ado ba ce, kuma da an bar ta a gida da waƙar ba ta ragu da komai ba. Amma wanda ya daure ya saurari kalmomin zai ji yaro yana ba da labarin irin rayuwar da yake yi a birni, wadda mutanen gida ba su sani ba, kuma yana tsoron ranar da za su sani. Zai ji shi yana makokin wata 'yar'uwarsa da ta rasu. Zai ji maganar hayaƙi da neman kuɗi ta kowace hanya, daga bakin wanda ke cikin abin kuma bai ji daɗinsa ba. Shekara nawa malamanmu suna wa'azi a kan sakawa da ƙwaya da wiwi daga kan mumbari? Ga wanda ya fito daga cikin ramin yana faɗin yadda ramin yake, sai muka tsaya kallon wandonsa.

Waɗanda suka saurara wasu ne. Burna Boy na Najeriya ya ji waƙar, ya shiga cikinta aka sake fitar da ita a watan Disamba na 2021. A ƙarshen Maris na 2022 Kwaku the Traveller ta fito, waƙar matashin da ya yi kuskure, ya amsa laifinsa, ya ce zai ci gaba da tafiya. Ta hau matsayi na ɗaya a jerin Apple Music na Najeriya, abin da ba kasafai mawaƙin Gana ke samu ba, kuma ta zama waƙar da aka fi nema a manhajar Shazam a duk duniya na wani lokaci. A watan Oktoba na wannan shekarar ya fitar da kundinsa na farko, The Villain I Never Was, mai waƙa 14, ɗaya daga cikinsu sunanta Konongo Zongo. Bayan shekara guda ya karɓo kyautar BET ta hip-hop a Amurka, wadda Sarkodie ya fara ciwo wa Gana a 2019. Kundinsa na biyu, Iron Boy, ya fito a 2025.

Akwai wani ɓangare na farkon tafiyar tasa da ba a cika kawowa a majalisa ba. A 2022, daidai lokacin da sunansa ke tashi, wani mutum da ya ɗauki nauyin waƙarsa ya kai ƙara kotu a Akra, bayan yaron ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Empire na Amurka. Ba aikinmu ba ne mu yanke hukunci tsakaninsu. Abin da muka ɗauka shi ne, yaro mai shekara 19 ko 20, wanda iyayensa ba sa kusa, shi ne ke sa hannu a takardun da lauyoyi ke wahala kafin su fassara. Wannan ya tsira domin basirarsa ta fi ƙarfin rigimar. Nawa ne ba su tsira ba? Gana tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2005, akwai hukumar GHAMRO mai karɓar kuɗin waƙa a madadin mawaƙa, akwai ƙungiyar mawaƙa ta MUSIGA. A shiga kowane ɗakin ɗaukar murya a Nima ko Aboabo a tambayi yaran da ke layi ko sun san ƙofar ɗaya daga cikinsu.

Kuma ba wannan ne karo na farko ba. Samarin VIP daga Nima suka fito, suna cuɗa Hausa da Tonanci a waƙa, kuma a 2004 suka kwashe manyan kyaututtukan waƙa na ƙasa da Ahomka Womu. A lokacin ma haka muka yi, kafin kyauta 'yan iska, bayan kyauta 'ya'yanmu. Shekara ashirin ke nan ba mu sake hali ba.

Za a ce mana, to so kuke kowane yaro ya bar makaranta ya kama makirfo? A'a. Wannan ma shi ne abin da muke tsoro. Idan kambun kawai muka nuna wa yara, darasin da za su ɗauka shi ne a gudu Akra a jira sa'a, alhali a cikin dubu da wuya ɗaya ya kai inda Sherif ya kai. Shi kansa bayan sakandare ya nemi gurbin karatu a jami'a. Mu dai abin da muke nema bai kai haka tsada ba. An kafa asusun raya zanguna da doka a 2017, kuma yawancin abin da aka gani daga gare shi gine-gine ne da filayen ƙwallo. Me zai hana a ware wani abu domin lauya guda da zai riƙa zama sau ɗaya a wata a zangon Kumasi da na Akra, yana karanta wa matasa takardun yarjejeniya kafin su sa hannu, ko na waƙa ne, ko na ƙwallo, ko na tafiya aiki ƙasar waje? Sarakunan zango da limamai kuma, da suka san kowane gida, me zai hana su san yawan yaran da iyayensu duka biyu ba sa ƙasar, da wanda ke riƙe da su, da ko suna zuwa makaranta?

Malamin da zai hau mumbari ranar Juma'a ya yi magana a kan lalacewar matasa, muna ba shi shawara ya sa wani ɗalibinsa mai jin Tonanci ya fassara masa huɗuba ta biyu tukuna. Ba ta kai minti huɗu ba.