Darasin Zama Ɗan Ƙasa a Bakin Teku

Sanin kowa ne cewa tun shekarar 2014 ɗaliban sakandare a Nijeriya suka fara rubuta jarrabawar WAEC a darasin ilimin zama ɗan ƙasa. Yaro zai iya zayyano maka haƙƙoƙinsa da nauyin da ke kansa ba tare da tuntuɓe ba, ya ci kiredit, sannan ya fito ya jefa ledar ruwa cikin kwata a ƙofar ɗakin jarrabawar. Wannan jarida tana ganin laifin ba na yaron ba ne. An ba shi hadda, ba a taɓa ɗora masa wani aiki na jama'a ba.

Gaɓar tekun ƙasar nan, mai tsawon kimanin kilomita 850 daga Legas zuwa Kuros Riba, aji ne da aka bari a rufe. A shekarar 1986 aka fara gangamin share bakin teku a jihar Texas ta Amurka, wanda ƙungiyar Ocean Conservancy ke jagoranta duk watan Satumba a ƙasashe da dama. Abin lura a cikinsa shi ne, ba a tsaya ga kwasar shara ba. Kowane rukuni yana riƙe da takarda, yana ƙirga abin da ya tsinta: kwalaben roba nawa, leda nawa, guntun sigari nawa. Ɗalibin da ya ƙirga, ya rubuta, ya kai sakamakon gaban kansilan mazaɓarsa, sannan ya dawo bayan wata uku yana tambayar abin da aka yi, ya koyi fiye da abin da littafi zai ba shi. Ya san wa ke da alhakin me, ya kuma san yana da ikon tambaya. Da Jihar Legas ta haramta farar robar nan ta zuba abinci a Janairun 2024, wa ya fi 'yan makarantun Badagiri da Epe dacewa su auna ko dokar ta rage abin da igiyar ruwa ke amayowa?

Sai dai a yi hattara. Mun ga tsaftar muhalli ta ƙarshen wata wadda ta samo asali daga yaƙi da rashin ɗa'a na 1984, inda tsoron bulala da tara ke fito da mutane. Da tsoron ya gushe, tsintsiya ta koma lungu. Bahaushe ya bambanta aikin gayya da aikin tilas tun zamanin Turawa, kuma na farkon muke nufi. Shugaban makarantar da zai kora yara cikin ƙazanta ba safar hannu ba takalmi don a ɗauki hoto, gara ya bar su a aji.

Mai karatu a Kaduna ko Sakkwato zai ce ina ruwan biri da gada. To, Kogin Kaduna da Gulbin Rima duk cikin Kwara suke zubewa, ita kuma a Tekun Atilantika take sauke kayanta. Ledar da ta bi ambaliya daga Tudun Wada hanyarta ke nan. Saboda haka muna kira ga kwamishinonin ilimi na jihohin da waɗannan koguna suka ratsa su haɗa kowace sakandare da wani yanki na bakin kogi, a ware rana ɗaya kowane zango, a kuma lissafa rahoton ɗalibai cikin makin gwajin da ake yi musu kafin jarrabawa.