Masu Bincike da Amanar Isnadi a Kafafen Sada Zumunta

A kowace shekara jami'o'inmu, irin su Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, suna yaye ɗaliban digiri na biyu da na uku. Kowanensu ya shafe shekaru yana tonon littattafai da tambayar jama'a, ya rubuta kundi, aka ɗaure shi aka jera a ɗakin karatu. Galibin magidanta ba za su taɓa jin abin da kundayen nan suka ƙunsa ba. Abin da ke isa gidajensu shi ne saƙon murya da aka turo ta WhatsApp da guntun bidiyon TikTok. Saboda haka muke ganin fitowar mai bincike a kafafen sada zumunta haƙƙi ne da al'umma ke binsa, da sharaɗin ya fito da ladabin ilimi.

Mun ga abin da shirun masana ke haifarwa. A watan Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, wani saƙo ya karaɗe wayoyi cikin dare ɗaya cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa na hana kamuwa. Kafin gari ya waye gidaje da yawa sun aikata. An kwantar da mutane a asibiti, an kuma ba da rahoton rasuwar aƙalla mutum biyu. Babu likitan da bai san illar yawan gishiri ga mai hawan jini ba, amma a daren nan sanin yana asibiti da ajin karatu, ƙarya kuwa tana aljihun kowa.

Addininmu bai yarda da ɓoye ilimi ba, kuma aya ta 159 a Suratul Baƙara ta yi kakkausan gargaɗi ga masu ɓoye shiriyar da Allah Ya saukar. Malamai sun kuma bayyana cewa ilimin da rayuwar jama'a ta dogara a kansa, kamar likitanci da lissafi, farilla ce ta kifaya. Magabatanmu na wannan ƙasa sun fahimci haka. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta littattafai da Larabci domin malamai, ya kuma yi wa talakawa wa'azi da harshen da suke ji. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta horar da jajoji masu kai karatu ga matan ƙauyuka ta hanyar 'yan taru. Ba su jira mai buƙata ya zo zaure ba. A yau wayar hannu ce hanyar da ke shiga har ɗakin uwargida.

Sai dai fitowa kaɗai ba ta wadatar ba. Abin da ya bambanta mai bincike da mai baza jita-jita shi ne isnadi. Abdullahi ɗan Mubarak, wanda ya rasu a shekara ta 181 bayan Hijira, ya lissafa isnadi cikin addini, domin shi ne katangar da ke hana kowa jingina wa Manzon Allah (SAW) abin da ya ga dama. Sahabi Jabir ɗan Abdullahi, Allah Ya yarda da shi, ya yi tafiyar wata guda zuwa Sham don ya ji hadisi ɗaya daga bakin wanda ya ji shi. Isnadin mai bincike na yau ya fi haka sauƙi: ya ambaci sunan mujallar da ta buga aikin, da shekarar, ya kuma ajiye mahaɗin da mai karatu zai latsa ya gani da idonsa. Ya dace kuma ya buɗe shafinsa a Google Scholar, ya mallaki lambar ORCID, wadda aka fara bayarwa a 2012 don rarrabe masana masu suna iri ɗaya. A ƙasar da masu suna Muhammadu Abubakar ba su ƙirguwa, wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Malaman hadisi sun riga kowa ganin matsalar, har Khaɗibul Bagadadi ya keɓe littafi guda don tantance maruwaita da sunayensu suka zo ɗaya.

Kamar yadda ruwaya take hawa-hawa, daga ingantacciya zuwa mai rauni zuwa ƙirƙirarriya, haka bincike yake. Akwai wanda masana 'yan'uwansa suka tantance kafin a buga. Akwai wanda aka ɗora a intanet tun kafin tantancewa. Akwai mujallun bogi da ke buga komai muddin an biya kuɗi. Akwai kuma wanda aka buga sannan aka janye. A 1998 mujallar The Lancet ta Ingila ta buga rahoton Andrew Wakefield a kan yara 12, wanda ya danganta allurar rigakafin ƙyanda da lalurar ƙwaƙwalwa da ake kira otizim. A 2010 mujallar ta janye rahoton, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitoci, amma har yanzu maganar tana yawo a wayoyi tana tsorata iyaye. Wajibi ne mai bincike ya gaya wa mabiyansa matsayin abin da yake kawowa, kamar yadda mai wa'azi ke faɗin darajar hadisi. In daga baya ya gano kure, ya gyara a shafin da ya yi kuren, da murya irin wadda ya yi shi.

Wani ladabin shi ne sanin iyaka. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a 32 daga ciki, kuma wannan bai rage masa daraja a Madina ba. A kafafen sada zumunta kuwa, da zarar an liƙa wa mutum laƙabin Dakta ko Farfesa, sai a dinga tambayarsa komai, shi ma ya ji nauyin cewa bai sani ba. Digirin injiniya bai ba mutum izinin raba gado ko warware saki ba, kamar yadda digirin Shari'a bai ba mu, masu hawa mumbari, izinin rubuta wa mara lafiya magani ba. Wanda ya tura mai tambaya ga ma'abocin fannin ya sauke nauyi, ya kuma koya wa mabiyansa darasi.

Ba laifi ba ne mai bincike ya sanar da aikinsa don ya sami abokan aiki ko tallafin karatu ko ƙarin girma. Amma ya sani cewa an gina waɗannan kafafe a kan abin da ke riƙe idon mutane, kuma faɗa da gatse sun fi bayani mai natsuwa jan 'yan kallo. Daga nan raddi ke rikiɗewa zuwa cin mutunci, a wayi gari ana ƙirga mabiya a manta da hujja. Hadisi ya inganta a Sahihu Muslim cewa cikin mutane uku da za a fara yi wa hukunci ranar Alƙiyama akwai wanda ya nemi ilimi don a kira shi malami. Haka nan, almajirai da marasa lafiya da zawarawan da suka buɗe wa mai bincike cikinsu amana suka ba shi. Ɗora hotunansu ko sirrinsu ba da yardarsu ba cin amana ne, ko da rubutun zai jawo dubban masu yabo.

Ku kuma iyaye da ɗalibai, kuna da naku kason. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi. Idan aka turo muku saƙo mai cewa "bincike ya nuna", ku tambaya wane ne ya yi binciken, a ina aka buga shi, kuma fannin mai maganar ne ko kuwa. In babu amsa, saƙon ya tsaya a wayarku. Muna kira ga jami'o'inmu su ƙarfafa wa duk wanda ya kammala kundi ya taƙaita sakamakonsa da Hausa mai sauƙi ya wallafa, su kuma lissafa wannan cikin hidimar al'umma da ake duba wa malami. Kwamitocin masallatai ma su san masanan unguwarsu, su riƙa nuna wa jama'a shafukansu.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare harsunanmu da yatsunmu daga faɗin abin da ba mu da sani a kansa. Amin.