Banila: Abin Da Ke Cikin Kwalba Da Yadda Ake Tsima Ta A Gida

Yau filin namu zai ɗan kauce wa zancen majalisa da na ma'aikatu, mu leƙa madafi, domin akwai maganar da ta taso mini a cikin gidana wadda na ga ya kamata in kawo muku ita, musamman ma matanmu masu sana'ar toye-toye a nan Abuja da sauran garuruwa.

Uwargidana tana yin kek na sayarwa a unguwarmu ta Kubwa, ana yi mata oda in za a yi biki ko suna, kuma da wannan sana'a take ɗauke mini nauyin abubuwa da dama. Wata rana wata Hajiya da ta daɗe tana sayen kek a wurinta ta zo har gida, bayan sun gaisa sai ta ce, "Ƙanwata, tsakaninki da Allah, wannan filebo na banila da kike zubawa, akwai giya a ciki? 'Yata da ke karatu a waje ta ce da giya ake yin sa." Uwargida ta yi shiru, don kuwa shekara da shekaru tana sayen 'yar kwalbar nan a kasuwa, ba ta taɓa juya bayanta ta karanta ba. Da na komo daga aiki ta tare ni da maganar, ta ce, "Maigida, kai da kake yawon tambayar mutane, sai ka binciko mana wannan, in ba haka ba masu saye za su gudu." Abin da na samo shi ne zan shimfiɗa muku.

Da farko dai, banila 'ya'yan wata shuka ce mai yaɗo, wadda take hawan itace a inuwa, a ƙasa mai zafi da laima. Asalinta daga ƙasar Meziko ne, inda wata ƙabila da ake kira Totonak ta daɗe tana tsinkarta, sarakunan Aztek kuma suna ƙansasa abin shansu na koko da ita. Mutanen Sifen ne suka kai ta Turai bayan sun ci ƙasar a ƙarni na 16, kuma su suka raɗa mata suna, wanda ma'anarsa a harshensu ita ce ɗan ƙaramin kube, saboda kwansonta dogo ne siriri kamar kuben wuƙa.

Shekaru wajen ɗari uku Turawa suna dasa ta a wasu ƙasashe tana yin fure ba ta yin 'ya'ya, saboda ƙwarin da ke yi mata barbara suna can Meziko. Wanda ya warware wannan matsala ta hanya mai sauƙi wani yaro ne baƙar fata, bawa, mai suna Edmond Albius, a tsibirin Riyuniyon da ke hannun Faransa. A shekarar 1841, yana ɗan shekara 12, ya gano cewa in an sa siririn tsinke aka ɗaga 'yar fatar da ta raba namiji da mace a cikin furen, aka danna da babban yatsa, sai barbara ta auku. Manoman dabino na wajen Dutse ba za su yi mamakin wannan ba, tun da su ma da hannu suke kai garin namiji ga macen dabino. Har yau da dabarar yaron nan ake noman banila a duniya. Shi kuwa, ko da yake an 'yanta bayin Faransa a 1848, ya mutu a 1880 cikin talauci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

In mai karatu ya ji wahalar da ke cikin nomanta, zai gane dalilin da ya sa in ban da za'afaran babu kayan ƙanshin abinci da ya kai ta tsada. Shukar takan yi wajen shekara uku kafin ta fara fure. Furen kuma yini ɗaya tak yake buɗewa, in ba a yi masa barbara a safiyar nan ba ya tafi ke nan. Kwanson yakan yi wata tara kafin ya ƙosa, sa'an nan in an tsinke shi kore ne shar, ba shi da wani ƙanshi. Sai an tsoma shi a ruwan zafi, a naɗe cikin bargo ya yi gumi, a riƙa shanyawa da rana ana kwashewa, a kuma ajiye shi cikin akwati watanni, kafin ya yi baƙi ya yi laushi ƙanshin ya fito. Tsibirin Madagaska shi ne kan gaba wajen nomanta, musamman yankin arewa maso gabas, wajen garuruwan Sambaba da Antalaha. Indunusiya da Yuganda su ma suna nomawa. A watan Maris na 2017 wata guguwa da aka kira Enawo ta afka wa yankin nan na Madagaska, har kuɗin kilo ɗaya ya kai wajen dala 600, ɓarayi suka addabi gonaki, manoma suna kwana gadi, suna yi wa kwanso shaida da allura kamar yadda ake yi wa dabba. Bayan 'yan shekaru kuma farashin ya faɗi, wahalar ta sake komawa kan manomi.

To, in haka tsadarta take, me ke cikin 'yan kwalaben nan masu araha da suka cika shagunan kayan kek a kasuwar Wuse da ta Utako? Amsar ita ce, mafi yawansu ba su taɓa haɗuwa da kwanson banila ba. Babban abin da ke ba banila ƙanshinta wani sinadari ne da ake kira banilin, kuma tun 1874 wasu Jamusawa biyu, Ferdinand Tiemann da Wilhelm Haarmann, suka gano yadda za a haɗa shi a ɗakin bincike. An yi zamanin da ake fitar da shi daga man kanumfari, wannan dai da muke sawa a kunu da zoɓo. A yanzu galibinsa daga sinadaran man fetur ake samo shi, wani kuma daga itacen da ake yin takarda. Abin da ake samu daga shukar kanta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na banilin da duniya ke ci ba.

Kada wannan ya tayar wa kowa da hankali. Banilin ɗin masana'anta da na gona abu ɗaya ne a wurin masana, kuma in an sa shi daidai kima ba ya cutarwa. Bambancin shi ne kwanson gaskiya yana ɗauke da wasu sinadaran ƙanshi fiye da ɗari biyu waɗanda ke mara wa banilin baya, shi ya sa ƙanshinsa ya fi zurfi. Amma zafin tanda yakan kore da yawa daga cikinsu, don haka a cincin da biskit da wuya harshe ya bambance. Inda na gaskiya yake nuna kansa shi ne a abin da ba ya shan wuta sosai, kamar kirim ɗin saman kek, da yogot, da madara, da kunun aya.

Sai mu komo kan tambayar Hajiya. 'Yarta ba ta yi ƙarya ba. A Amurka doka ta ce ba za a kira abu tsantsar ruwan banila ba sai barasar da ke cikinsa ta kai kashi 35 cikin ɗari, da kwanso wajen giram 100 a kowace lita. Haka kuma in ka duba yadda Turawa ke koya wa junansu haɗa shi a gida, za ka tarar cewa suke yi a tsaga kwanso a jefa cikin kwalbar giyar nan ta bodka. Dalili kuwa shi ne barasa ta fi komai iya tatso ƙanshin, kuma tana hana ruɓewa. Masu cewa duk tana tashi a cikin tanda sun yi ƙari, domin an gwada an ga saura yakan rage. Abin mamaki, mai tsadar nan da ake kawowa daga waje da sunan tsantsa shi ya fi zama da barasa, na arahar kuwa sau da yawa a cikin wani sinadari dabam ake narkar da shi, ko da yake a cikinsu ma akwai mai ita. Da muka juya kwalbar uwargida ba mu ga an rubuta ta ba, muka kuma ga lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don sa ido kan abinci da magunguna. Shawarata ita ce kowa ya karanta jerin kayan haɗin, ya nemi kalmar "alcohol" ko "ethanol", kwalbar da ba ta da jeri ko lamba kuwa a bar wa mai ita kayansa. Hukuncin ɗan abin da ya ɓace cikin abinci malamai sun yi saɓani a kansa, wannan fagensu ne. Amma mai sana'a tana da hanyar da za ta bi ta huta da kokwanto gaba ɗaya, watau ta tsima nata da kanta.

Ga yadda ake yi. A nemi kwanson banila giram 25, watau kamar guda shida zuwa takwas, akan same shi a wasu shagunan kayan kek da wurin masu sayarwa ta intanet. Ba sai an sayi mai kyan gani mai maiƙo ba, wanda ya ɗan bushe ya fi araha kuma ya dace da tsimi. A shinshina, in akwai warin tsami ko furfura a jikinsa a bar shi. Sa'an nan a nemi gilisarin, amma a nan sai an yi hattara ƙwarai. Ba wanda mata ke haɗawa da man shafawa da hunturu ba, sai wanda aka rubuta a jikinsa cewa na ci ne kuma daga tsirrai aka yi shi, domin akwai wanda ake yi da kitsen dabba. A wanke kwalbar gilashi mai murfi da tafasasshen ruwa a bar ta ta bushe sarai. A tsaga kowane kwanso a tsaye da wuƙa, za a ga 'yan ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi a ciki, kada a zubar da su. A yayyanka a zuba a kwalbar. A haɗa gilisarin awo uku da tafasasshen ruwan da ya huce awo ɗaya, yadda duka zai kai rubu'in lita, a zuba har ya shanye kan kwanson. Kada a yi ƙarin ruwa don a ga ya yi yawa, domin yawan gilisarin ɗin ne ke tsare shi daga lalacewa.

A rufe, a rubuta ranar a jikin kwalbar, a ajiye ta cikin kabad nesa da murhu da hasken rana, musamman a zafin Maris da Afrilu na Abuja. Duk mako a girgiza sau ɗaya. Bayan wata biyu zai yi launin shayi, ana iya fara ɗiba, amma ba ya nuna sosai sai ya yi wata shida ko fiye, don gilisarin ya fi barasa nawa wajen jawo ƙanshi. Wadda ta tsima a watan Muharram za ta sami abin yin kek ɗin ƙaramar Salla. A riƙa ɗiba da busasshen cokali, kuma in an ga furfura a sama ko wari ya sauya, a zubar. Ragowar kwanson da ba a yi amfani da shi ba a naɗe shi a sa a kwalba mai murfi, kada a sa a firji, sanyi da laimarsa suna ɓata shi.

Wadda ba ta da halin jiran watanni tana da hanya biyu. Ta binne kwanso ɗaya cikin gwangwanin sukari, bayan mako biyu sukarin zai ɗauki ƙanshi. Ko kuwa ta tsaga kwanso ta kankare ƙwayoyin cikin madara, ta ɗumama a wuta kaɗan, ta yi aikinta da ita a ranar.

Uwargida ta tsima nata, yanzu watansa huɗu, kuma ta sauya tsarin cinikinta. Kek na kullum tana sa filebon kasuwa wanda ta karanta bayansa, wanda ya nemi na gaskiya kuma ta gaya masa ƙarin kuɗin da ke ciki, kowa ya zaɓa da saninsa. Hajiya ta ga kwalaben biyu da idonta, kuma ba ta daina saye ba. Abin da nake ƙi shi ne mai sana'a ta zuba na arha ta karɓi kuɗin na tsada, ko a tambaye ta ta rantse a kan abin da ba ta sani ba. Ciniki da amana yake tafiya, ranar da ta zube kuwa ba ta kwasuwa.

Akwai kuma abin da wannan bincike ya bar ni ina tunani. Zoɓon da manoman Jigawa da Kano ke nomawa, babbar kasuwarsa a waje ita ce Meziko, mahaifar banila. Cittar Kachiya ma buhu-buhu take fita. Muna sayar da su a busasshe, sa'an nan mu sayi ƙanshi a 'yar kwalba da kuɗin waje. Dabarar tsimin nan da na bayyana tana aiki a kan citta da kanumfari da ɓawon lemo, kuma dukansu suna nan jibge a kasuwanninmu. Ina kira ga ƙungiyoyin mata masu sana'a da makarantun koyon girki na wannan birni su gwada, su auna, su nemi rajista, mu ga ranar da za a sa ƙanshin gida a kwalba da lambar hukuma a jikinsa.

Wadda ta gwada ta rubuto mana yadda ta kaya, za mu buga a wannan fili. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya ciyar da mu halal. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.