Tarakta Dubu Biyu: Wa Zai Tuƙa, Wa Zai Gyara?

A cikin watan Yuni na shekarar 2025 ne Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da taraktoci 2,000 waɗanda Gwamnatin Tarayya ta sayo daga ƙasar Belarus, tare da garemani da sauran kayan aikinsu. Duk wanda ya ga hotunansu a jere ya san an kashe dukiya mai yawa. To, amma masu iya magana sun ce ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Abin tambaya shi ne, wa zai tuƙa waɗannan motoci, wa kuma zai gyara su ranar da suka tsaya a tsakiyar gona ana cikin huɗa?

Kada mai karatu da ke zaune a Ikko ko Badun ko Anacha ko Fatakwal ya ce wannan magana ba tasa ba ce. Mu ne ke aika kuɗin taki da na ƙwadago gida in damina ta faɗi, mu ne kuma ke jin jiki a kasuwar Mil 12 da ta Bodija in amfanin gona ya yi ƙaranci. Ƙannenmu da ke baro ƙauye suna biyo mu Kudu, yawancinsu noman fartanya ne ya kasa riƙe su.

Ba yau aka fara ba. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa shirin ciyar da ƙasa, a 1980 kuma ta Alhaji Shehu Shagari ta zo da nata shirin na bunƙasa noma. An buɗe ma'aikatar harhaɗa taraktocin Steyr a Bauci, jihohi kuma suka kafa sassan ba da hayar tarakta. Wanda ya girma a Arewa ya san inda da yawa daga cikin motocin nan suka ƙare, watau a bayan ofisoshin gona, tayoyi a sace, ciyawa ta rufe su. Sau da yawa abin da ya kashe mota bai taka kara ya karya ba, ƙarfe guda ne ya karye aka rasa irinsa, ko kuma direban da ba a horar ba ya bar ta ba a sauya mata mai har inji ya buga.

Amma a wannan zamani ɗin ne kuma aka yi wani abu da ya zauna har yau. A 1975 aka fara ayyukan raya noma na Funtuwa da Gusau da Gombe da rancen Bankin Duniya. An yi hanyoyin ƙauye, an buɗe wuraren sayar da taki kusa da manoma, sa'an nan aka baza malaman gona suna bi ƙauye-ƙauye. Da wannan, da kuma sabon irin farar masara wanda ya fito daga cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke nan Badun, masara ta tashi daga abin da ake shukawa a bayan gida domin gasawa, ta zama babbar hajar ƙasar Funtuwa da Zazzau. Irin ya yi kyau, amma da ba a sami malamin da ya durƙusa a gona ya nuna tazarar shuka da lokacin zuba taki ba, da bai kai ko ina ba.

Haka ma injin ban ruwa. Tun daga shirin Fadama na 1993 ƙananan injuna da rijiyoyin burtsatse suka cika fadamun Arewa, domin kuwa bakaniken da ke gyaran babur da janareta a kasuwar ƙauye shi ne ke gyara su, kayan gyaransu kuma suna nan a shago. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 masu noman rani da dama sun karkata ga inji mai aiki da hasken rana. Shi ma tsawon ransa yana hannun yaron da ya iya haɗa wayoyinsa, ya kuma gane cutarsa in ya ƙi tashi.

Ta wajen gandun daji ma labarin bai sauya ba. A 2015 aka kafa hukumar da ke kula da shirin dasa babban shingen itatuwa domin tare hamada a jihohi 11, daga Kabi har Barno. Sai dai kowa ya san dashe ba ya rayuwa da bikin dasawa, sai da mai ban ruwa da mai kare shi daga awaki. Mu dubi maƙwabtanmu na Maraɗi. Tun daga 1983 wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi ta nuna wa manoma su daina ƙone kututturan da ke tohowa a gonakinsu, su zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi su bari, su sare sauran. Wannan dabara, wadda ake kira sassaben zamani, ta bazu daga manomi zuwa manomi, har masu bincike suka ƙiyasta ta farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Gawo ya dawo gonaki yana zubar da ganye yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Kayan aikin kuwa adda ce kawai, sauran duk sani ne.

Saboda haka muna kira ga hukuma ta sa kuɗin horo daidai da yadda take sa kuɗin ƙarfe. Makarantun suna nan. Akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, akwai cibiyar injunan noma ta ƙasa da ke kusa da Ilori, akwai kwalejin injunan gandun daji ta Afaka kusa da Kaduna, ga kuma kwalejojin gandun daji na Jos da Badun. Kada a miƙa wa kowace ƙungiya tarakta sai ta nuna direbanta da bakanikenta da suka yi kwas, kuma a ajiye kayan gyara a kowace shiyya. Da yake yawancin gonakinmu ƙanana ne, ba mai iya riƙe tarakta shi kaɗai, sai dai haya, haya kuwa tana bukatar wanda ya iya tara gonakin unguwa guda a huɗe su rana ɗaya, ya kuma riƙe lissafi da gaskiya. Wajibi ne kuma a tabbatar da tsaro, domin ba direban da zai shiga dajin Zamfara ko na Katsina da motar miliyoyin Naira alhali manomin kansa yana tsoron zuwa gonarsa.

Mu ma mazauna Kudu akwai namu rabon aikin. Tun da Gwamnatin Jihar Ikko ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yuni na 2022, matasanmu da yawa sun rasa abin yi, ga shi kuwa cikinsu akwai waɗanda suka iya kwance inji su mayar. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya za su iya haɗa kuɗi su tura irin waɗannan yara koyon gyaran tarakta ko haɗa injin hasken rana, su koma gida da sana'ar da ake nema. Wanda ke aika kuɗin taki duk shekara, ya gwada ware wani abu ya biya wa ƙanensa kuɗin koyon sana'a na wata shida, ya gani.

Taraktocin Belarus dai an riga an saye su, kuma da dukiyarmu aka saye su. In damina uku ta wuce, sai kowa ya tambayi mutanen garinsu nawa ne ke aiki, wa kuma ke gyara su. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.