Masu Sharhi Sun Rabu, 'Yan Kallo Sun Yanke Hukunci

A shekarar 2022 ne kamfanin Universal na Amurka ya fito da fim ɗin nan na soyayya da ban dariya, Ticket to Paradise. George Clooney da Julia Roberts sun fito a matsayin ma'auratan da suka rabu, suka tafi tsibirin Bali na Indunusiya don hana 'yarsu aure.

Masu sharhi sun kasu biyu. Waɗansu sun ce ɗumamen tuwon jiya ne, domin tun farko mai kallo ya san ƙarshen labarin. Waɗansu kuwa sun ce daɗinsa ke nan, tun da yana tuna wa jama'a zamanin Pretty Woman na 1990.

To, amma mai sayen tikiti shi ne alƙali. An kashe dala miliyan 60, aka samu fiye da miliyan 160. Ke nan irin wannan fim, da aka zaci ya koma intanet dungum, yana iya cika sinima muddin akwai taurarin da jama'a suka shaƙu da su. Aikin da ke gaban kamfanoni shi ne renon matasan da za su gaje su.